Yadda na sayo injin zuƙar ƙura na hannu na kafa a shagona na gida

Ni kafinta ne, shagona a jikin gidana yake a wani ƙauye kusa da Ringim, ba wani babban shago bane, soro ne na faɗaɗa na ƙara masa rumfar kwano, katanga ɗaya ce ta raba shi da tsakar gida kuma akwai 'yar taga a jikinta da ake miƙo min abinci. Gado nake yi da sif da madubi da ƙofofi, kayan ɗakin amare dai. To kun san da kaka ta yi an sayar da amfanin gona sai bukukuwa su kankama, lokacin nake samun aiki sosai kuma lokacin ne hunturu yake shigowa komai ya bushe, in na tada injin yanka ko na hau gugar samfefa wallahi ƙurar nan bata tsayawa a shago, cikin gida take shiga. A murfin randa zaka ganta, a shanya, a tabarma, har a faifan da aka rufe tuwo.

Shekara da shekaru ban ɗauki abin a bakin komai ba sbd duk kafintan da na sani haka yake rayuwa, da yamma ka fyace hanci ka ga ja ko ruwan ƙasa gwargwadon katakon da ka taɓa ranar, ka sayi madarar gwangwani ka sha kace ta wanke maka ƙirji. Sai da autarmu 'yar shekara uku ta fara tari da daddare, irin tarin da zaka ji numfashinta yana fito kamar usur, mu kwana a zaune uwarta na rungume da ita. Da muka kaita asibiti malamin asibitin ya saka abin awo a ƙirjinta ya saurara sannan ya tambaya ko akwai hayaƙi ko ƙura a gidan, kafin na buɗe baki maman yara tace ai Malam gidanmu shagon kafinta ne. Ya kalle ni yace Malam wane irin katako kake aiki dashi, nace madaci da malaina da ɗan loko in an samu, sai kuma MDF sbd yanzu amare shi suke so. Yace ƙurar da kake sharewa da tsintsiya da sauƙi, wadda bata sauka ƙasa take yawo a iska ita ce take shiga huhu, kuma madarar da kuke sha ciki take tafiya, ita kuwa ƙura hanyarta daban. Har muka iso gida ban iya cewa komai ba.

Daren nan maigidana na tuna, wanda ya koya min sana'a a Kano, mutumin da da ƙarfinsa shi kaɗai yake ɗaga falankin madaci, yanzu daga gidansa zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta sau biyu. Ƙanin matata da yake aikin waya da gyaran moto a Kano shi ya duba min a wayarsa yace Yaya ai tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci ga masu aikin katako mai tauri, loko kuma an san shi da tada asma da ƙaiƙayin fata, shi kuwa MDF garin katako ne aka cuɗa da gam mai sinadari aka danne, in ka yanka shi gam ɗin da garin duk tare kake shaƙa. Daga ranar na fara tara kuɗi.

Na taɓa ganin injin a wani babban shagon kujeru a Kano, yaran wurin bulowa suke ce masa. Abu ne mai sauƙi in ka kalle shi: moto ne yake juya farfela a cikin wani gida na ƙarfe mai kama da dodon koɗi, tiyo mai faɗin inci 4 yana zuƙo ƙurar daga bakin injin yanka, buhu biyu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, dusa mai nauyi ta faɗa na ƙasa, iska ta fita ta jikin yadin na sama. Amma kafin na kai ga wannan sai da na fara gwada injin share kafet da wani abokina mai wankin mota ya ara min, a tunanina ai zuƙa zuƙa ce. Ko minti biyar bai yi a bakin injin filenin ba ya toshe. Shi na kafet zuƙarsa da ƙarfi amma iskar da yake ja kaɗan ce ta siririn tiyo, shi kuwa na shago in ka sa hannu a bakinsa bazai kama ka da ƙarfi haka ba amma iskar da yake kwasa tana da yawa ƙwarai, kuma yawan iskar nan ake nema don ita take janye ƙurar tun kafin ta watsu. Na kafet ɗin yana da amfaninsa a jikin ƙaramin injin guga na hannu, amma ba a babban inji ba.

Sabo na tambaya naji kuɗin na san ba nawa bane, sai na koma neman na hannu. Wata biyu ina bin Facebook da guruf guruf na WhatsApp na masu sayar da injina, ana turo min hoto, kowa yace nasa ɗan Beljiyam ne ba a taɓa buɗe shi ba. Mutum biyu suka ce na tura rabin kuɗi su ɗora min a mota, ban tura ba, abin da zan kashe wa kuɗin gado uku sai idona ya gani hannuna ya taɓa. Ranar wata Asabar na yi asubanci na hau mota ta Gezawa na sauka a 'Yankaba, ƙanin matata yana jirana da mitarsa a jaka, kuma wlh da ni kaɗai na je da na dawo da asara.

Ƙofar Ruwa muka fara zuwa wajen masu kayan kwance, irin injinan da ake fitowa dasu daga kamfanonin da suka rufe a Sharaɗa da Bompai. Wani Alhaji ya nuna mana wani ƙato mai buhu huɗu, kore shar, ƙarfensa mai kauri irin na da, kuma kuɗin da ya faɗa bai kai yadda na zata ba, zuciyata ta kwanta dashi nan take har na fara lissafin motar da zata ɗauka. Ƙanina bai ko kalli buhunan ba, durƙusawa ya yi ya tofa yawu a yatsa ya goge wani ɗan faranti na ƙarfe da yake manne a jikin moton, ya karanta ya miƙe yace Yaya mu tafi, tiri fes ne. Wato wuta mai layi uku yake ci, bolt 380 zuwa 415, irin ta kamfani, ni kuwa ƙauyenmu in an kawo wutar ma layi ɗaya ne ya shigo gidana kuma janaretona singil fes ne. Alhajin yace ai ba matsala ana sa masa kafasita ya tashi, ƙanina yace zai tashi Alhaji amma ƙarfinsa zai ragu sosai kuma zai riƙa zafi, ƙarfin moton hos biyar ne fa, in kuma za a canza moton gaba ɗaya to kuɗin ya wuce na sabon ƙarami. Arahar da na gani dalilinta kenan, masu layi uku ba su da yawa shi yasa yake zaune.

Na biyu a wajen wani mai kayan kwantena muka gani, daga Amurka ya zo, tsaf dashi kamar ba a yi aiki dashi ba. Shi ma farantin ne ya tona: bolt 110, 60Hz. Wutarmu nan 50Hz ce bolt 220 zuwa 230. Na san maganar taransifoma mai rage wuta amma moto mai hos ɗaya da rabi ba ƙaramin taransifoma zai riƙe shi ba, sai babba mai tsada, sannan maganar 60 da 50 ɗin nan taransifoma baya gyara ta. Moton da yake juyi 3450 a minti a can in ya zo nan wajen 2850 zai yi, farfelar an yi ta ne daidai da gudun can, to kaga iskar ta ragu kusan kashi ɗaya cikin shida kuma ƙarfin zuƙar ya fi haka raguwa. Akwai na Amurka da ake iya juya wayoyinsu su koma 220, yana rubuce a farantin in haka ne, wannan dai ba ya ciki. Muka bar shi, ranar haka na koma gida hannu biyu, kuɗin mota ya tafi, ga aikin mutane na ajiye.

Sati uku bayan nan ƙanina ya kira yace wani dillali ya samo wani a wajen Na'ibawa kusa da 'Yan Katako, wani kafinta ne ya ƙara girman shagonsa ya sayi babba yana son rabuwa da ƙaramin. Kafin na taso nace a fara ɗauko min hoton farantin. Aka turo: wat 1100, hos ɗaya da rabi kenan don hos ɗaya wat 746 ne, bolt 230, 50Hz, juyi 2850, am 7. Sannan na hau mota.

Injin ba kyau a ido, fenti duk ya kwakkwaɓe, taya ɗaya ta karye, buhun sama da faci biyu. Amma naji daɗin cewa a hannun mai sana'a yake, a wurin da yake aiki, ba a tulin ƙarafa ba. Ga yadda muka bi shi, kuma duk wanda zai saya ina roƙonsa ya yi haƙuri ya bi haka ko mai kaya yana ƙosawa. Da farko ƙanina ya taɓa moton yaji ko da ɗumi, don wasu suna kunna shi kafin ka iso sbd moton da yake wahalar tashi in ya yi ɗumi ya fi saurin tashi, wannan da sanyinsa muka same shi. Ya sa hanci ya sunsuna ta ramukan iska, koyil ɗin da ya taɓa ƙonewa warinsa baya ɓuya, sannan ya buɗe murfin wayoyi ya duba ko an taɓa yi masa riwayin. Muka cire daga wuta muka kwance murfin gaba, kusoshi takwas ne, mai kayan ya ɗan ɓata rai yace Malam sai kace zaku sayi mota, nace Oga ka yi haƙuri daga nesa na zo kuma in ya lalace a can ba mai gyara min. Farfelar ƙarfe ce inci 12, ba roba ba, naji daɗin wannan don ta roba guntun katako ɗaya zai iya fasa ta. Fiffike ɗaya ya ɗan lanƙwasa a baki alamar ya taɓa haɗiyar wani abu mai tauri, amma ba tsagewa a waldar. Na juya ta da hannu naji wani ɗan gurr gurr, na kama ta na girgiza sama da ƙasa akwai ɗan wasa kaɗan, ƙanina yace boris ɗin da moton yake juyi a kai ne ya fara gajiya, wannan ba abin tsoro bane ana samunsa ko ina.

Aka mayar aka kunna. Ya ɗan ja kafin ya kai gudunsa, buhun sama ya cika ya miƙe. Na ɗora tafin hannu a jikin gidan farfelar ina jin ko yana karkarwa, don farfelar da ta karkace ita take cinye boris, karkarwar kaɗan ce. Muka bar shi yana aiki wajen minti ashirin ƙanina ya maƙala mita a waya tana nuna am 6 da ɗan wani abu, ƙasa da abin da farantin ya faɗa. Sai ya ce na toshe bakin tiyon da katako, ni na zata in na toshe moton zai sha wahala, sai naga mitar ta sauko wajen 4. Ashe irin wannan farfela in ba iskar da take turawa nauyinta raguwa yake, in kuma ka cire tiyo da buhu ka barta a buɗe gaba ɗaya a nan ne take cin wuta fiye da ƙima har moton ya iya ƙonewa. Wannan abin ya zauna min a kai kuma ya yi min rana daga baya.

Ciniki ya ɗau lokaci. Mai kaya yace 320,000, na taya 200,000 yace albarka, na lissafa masa boris da taya da buhu, dillali yana shiga tsakani yana cewa Oga ka duba mutumin nan daga Jigawa ya taso, har aka kira la'asar muka je muka yi sallah muka dawo. A 240,000 ya sallama ya haɗa min da tiyo mita uku da zoben ƙarfen da yake ɗaure buhunan, zoben nan kada ka yarda a baka inji babu shi don nemansa wahala ne. Na ba dillali la'adarsa, muka rubuta takarda da shaidu biyu cewa kayansa ne ya sayar min, sbd kayan hannu kana iya sayen na sata baka sani ba. A Kano muka canza boris biyun a shagon su ƙanina, washegari Lahadi na samu wata akori kura mai zuwa kasuwar Gujungu ta sauke min shi a bakin titi, amalanken shanu ya ƙarasa dashi gida.

Murnata bata kai dare ba. Injin yankana da injin fetur yake juyawa da bel, shi ba ruwansa da wuta, janareton kuma ɗan 2.5 ne na ƙananan kaya. Na jona na danna, moton ya yi gurnani farfela ta fara juyawa a hankali, janareto ya yi kamar an shaƙe shi ya mutu. Sau uku haka, na ƙyale don kada na ƙona abu. Gaskiya daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tunanin kuɗin da na zuba da kuma wani babban janareto da ba ni da halinsa, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Da safe na kira ƙanina yace Yaya kwantar da hankalinka, irin wannan moto lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita, na 'yan daƙiƙu ne kawai, wace waya ka jona dashi? Nace doguwar wayar da nake jan fitila da ita. Yace ita ce ta farko, siririya ce kuma doguwa wutar tana zubewa a hanya. Ranar Juma'a ya zo da waya mai kauri 2.5 muka matso da janareton kusa, ya auna kafasitar ya ga ta yi rauni ya sa sabuwa daidai lambar tsohuwar, sannan muka yi 'yar ƙofa ta filawud mai zamewa a bakin bututun. In zan tada shi sai na kashe komai, na rufe ƙofar nan, na danna, janareto ya ɗan yi nishi ya ɗauka, in ya kai gudunsa na buɗe. Har yau haka nake yi kuma bai sake mutuwa ba.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kwana biyu ina aiki ina jin daɗi, ƙasa fes ba dusa, yarana na shago suna ta mamaki. Rana ta uku da hantsi hasken rana ya shigo ta wata ɓula a kwano ya sauka daidai kan buhun sama, sai naga wani farin hayaƙi yana tashi daga jikin yadin ko ta ina, ba ta wajen facin kaɗai ba. Da daddare na rufe shago na kunna na haska tocila, iskar shagon gaba ɗaya ƙyalli take. Jikina ya yi sanyi. Wato injin yana kwashe mai nauyin da dama bata cutar da kowa sosai, ita kuma mai laushin yana tace ta ya feso min ita daidai tsayin hancina, kusa da tagar da take kallon tsakar gida. Irin buhun yadin da yake zuwa da ƙananan injinan nan da yawansu ramukan saƙarsu maikiron 30 ne, gashin kan mutum kaurinsa wajen maikiron 70, ita kuwa ƙurar da take wucewa cikin ƙirji ƙasa da maikiron 10 ce, ido baya ganinta sai a irin wannan haske. Mai kayan bai ɓoye min komai ba, shi ma haka yake aiki dashi shekara da shekaru, ni ne duk hankalina ya tafi kan moto ban tambayi buhu ba.

Na fara kai wa tela ya ɗinka min na tamfol mai kauri, shi kuma ya hana iska fita, zuƙar ta mutu kusan rabi dusa ta fara kwanciya a tiyo. Na cire. Abin da ya fisshe ni shine fitar da injin daga shagon gaba ɗaya. Na fasa katanga daidai faɗin bututu, na yi masa 'yar rumfa ta kwano a waje da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Wurin ma sai da na yi tunani, iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, sai na zaɓi kusurwar kudu maso gabas inda ko wacce ta taso gefen gida take bi ta wuce fili, ba gidan maƙoci a wajen sai gona. Daga baya wani mai kayan injina a Kano ya sa aka kawo min buhu daga Legas mai kauri kamar bargo an rubuta maikiron 5 a jikinsa, ya fi tsohon tsayi kuma tsayin yana da amfani don iska ta samu wurin fita da yawa. Ba a wanke shi, ƙurar da take manne a ciki ita ma tana taya tacewa, in naga zuƙa ta ragu sai na kashe na sa takunkumi na bubbuga shi a hankali. Tagar nan ta abinci kuwa na toshe ta da bulo, yanzu zagayowa ake yi.

Bututun roba na ruwa inci 4 na sa, na yi shi gajere iya yadda zan iya, ba na son tiyo mai lanƙwasuwa ya yi tsawo don yana cin iska, kuma wajen kwana maimakon gwiwa ɗaya mai kaifi na haɗa biyu masu rabin kwana. Kada ka rage faɗin bututun ka sa inci 2 wai don araha, ka kashe injin kenan. A tsakani na sa shuɗiyar duro ta roba na huda murfin na sa gwiwa biyu suna kallon saɓanin juna, dusa tana shiga ta yi juyi ta faɗi ƙasa, ƙusa ko guntun katako a nan suke tsayawa basa kaiwa ga farfela. Ta ɗan rage zuƙa amma na yarda da hakan, sbd ƙusa in ta daki farfelar ƙarfe tana iya fidda tartsatsi ya faɗa cikin dusa ya yi ta ci a ɓoye sai tsakar dare wuta ta tashi, ni kuma iyalina a bayan katangar suke kwana. Don haka kullum kafin magariba sai an juye duro da buhu, ko gajiya ta kai ina. Wani abu kuma da hunturu bututun yana ɗan jan mutum in ka taɓa, irin ƙas ƙas ɗin da kake ji in ka cire rigar sanyi, na naɗa masa wayar tagulla tsirara na kaita jikin injin da rodin da na kafa a ƙasa, ya ragu.

Dusar yanzu tana fita da tsabta ba yashi ba ƙusa, masu kiwon kaji daga Ringim suna zuwa da kansu su saya buhu buhu suna shimfiɗa wa kaji, kuɗin yana rage min na fetur. Amma ranar da na yi aikin MDF sai na juye duro tukunna, garinsa daban nake tarawa, bana ba masu kaji kuma bana ba matan da suke zuwa nema don murhu, na gaya musu akwai gam a ciki hayaƙinsa ba na girki bane, wasu suna ganin rowa ce amma na gwammace hakan.

Guga ce har yanzu ban gama shawo kanta ba. Na yi tebur na huda samansa da ramuka na jona bututu a ƙasa, yana ja sosai in abu ƙarami ne, amma in kan gado ne ko ƙofa dole wata ta tsere, don haka takunkumi mai lamba N95 irin wanda muka sani lokacin korona bana cire shi, yarana biyu ma na sa musu doka wanda bai saka ba bazai taɓa samfefa ba. Rigar aiki a shago nake barinta bana shiga da ita gida. Yarinyar alhamdulillahi tana kwana lafiya yanzu, muna ci gaba da kaita ana dubawa kamar yadda aka ce, maman yara kuma rannan ta ɗaga murfin randa ta nuna min tace Malam kalli.

Watan da ya wuce na je gaida maigidana a Kano na nuna masa bidiyon a waya, yana zaune a tabarma a ƙofar gida da carbinsa. Sau uku ya sa na maimaita masa wajen da dusa take shigewa tiyo daga bakin zarto, ya tambayi nawa na kashe gaba ɗaya na gaya masa, ya yi shiru yana ta numfashin nan nasa mai nauyi. Can ya aika aka kira ɗansa wanda yake riƙe da shagon yanzu, yace masa ka bi yayanka ya kaika inda ya samo. Nace Baba in sha Allahu, na riga na yi wa dillalin magana, na kuma ce duk wanda ya samu ya fara turo hoton farantin moton da na buhun kafin mu taso. Ranar Asabar mai zuwa zamu je ganin guda biyu.